Yadda Ake Yin Katin Gayyata Da Hatimin Roba Da Hoto Irin Na Da

Idan an sa ranar biki ko suna, da goro da alawa ake gayyata. Haka aka saba tun kaka da kakanni, kuma har gobe babu abin da zai ture goro. Amma tun da karatu ya shiga ƙauyuka, mutane da yawa suna son su haɗa da kati. Dalili kuwa a fili yake. Ɗan aike yakan manta rana, ko ya rikita lokaci. Kati ba ya mantuwa. Saƙon waya yana da sauri, amma ba kowa ke da waya ba, kuma ba a adana shi a ƙasan akwati don tarihi.

Matsalar ita ce maɗaba'a tana birni. Ga kuɗin mota, ga kuɗin bugawa, ga jira. Mai neman kati talatin ko arba'in sau da yawa sai ya ga abin bai biya ba.

To, duk wanda ya iya rubuta haruffa yana iya yin kati a gida. Abin da yake bukata shi ne hatimi. Hatimi ɗaya, in an sassaƙa shi da kyau, zai buga kati masu yawa, bana da baɗi. In kuma ana son a ƙawata katin da hoton kaka ko na mahaifi, akwai dabarar yin haka ba tare da an taɓa ainihin hoton ba.

Asalin hatimi

Kalmar hatimi daga Larabci ta zo. Abin ya daɗe a duniya. Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana da zoben azurfa da ake buga wa wasiƙun da ya aika wa sarakuna. A nan ƙasar ma, wasiƙun Shehunan Borno na ƙarni na 19 suna ɗauke da hatimi. Irin waɗannan na ƙarfe ne, sai gwanin maƙeri ke iya yin su.

Na roba daga baya ya zo. Ɗanyar roba ba ta da amfani sosai. In zafi ya yi sai ta yi danƙo, in sanyi ya yi sai ta sandare. A shekarar 1839 wani mutumin Amurka mai suna Charles Goodyear ya gano cewa in aka dafa roba da farar wuta, sai ta yi ƙwari, ta daina narkewa. Wannan ita ce robar tayar mota da ta keke. Daga shekarun 1860 aka fara yin hatimi da ita a Amurka, daga nan ya bazu ofisoshin duniya.

Shi kuma katin gaisuwa na sayarwa, a Ingila ya yi suna. A shekarar 1843 wani mutum a birnin Landan, Henry Cole, ya sa aka buga masa katin Kirsimeti guda 1,000. An shafa musu launi da hannu, aka sayar da kowanne sule ɗaya.

Ba Turawa kaɗai suka san dabarar bugawa ba. A garin Ntonso, kusa da Kumasi a ƙasar Ghana, masu sana'a suna sassaƙa hatimi da ɓawon ƙwarya. Suna tsoma shi a baƙin rini na sassaƙen itace, suna buga ado a jikin zane. Ana kiran wannan zane adinkra. Saboda haka mai sassaƙa ƙwarya a ƙauye kada ya ɗauka wannan baƙon aiki ne. Hannunsa ya riga ya san rabinsa.

Kayan aiki

Babu abin da ba a samu a kasuwar ƙauye ko a cikin gida. Na farko roba. Wadda ta fi daɗin yanka ita ce farar robar goge fensir, wadda 'yan makaranta ke kira kilina. A nemi babba. In ana son hatimi mai faɗi, tsohon takalmin silifa yana yi. A wanke shi, a yanko wurin da ya fi santsi. Sai dai silifa ba ya karɓar ƙananan haruffa, sai manya.

Sai sabuwar reza, da fensir mai laushi, da rula, da madubi, da gam, da ɗan guntun katako na yin mariƙi. Sai farin kwali mai ɗan kauri, irin wanda malamai ke zane a kai, da takarda fara, da tawada.

Wanda bai taɓa yi ba kada ya fara da roba. Ya samu dankali, ya raba biyu, ya gwada hannunsa a kai. Hatimin dankali kwana ɗaya ko biyu yake yi ya yanƙwane, amma in ya ɓaci ba a yi asarar komai ba.

Rubutun hatimi a juye yake

Nan ne yawancin masu koyo suke faɗuwa, don haka a karanta wannan wuri da natsuwa.

Duk abin da ke fuskar hatimi, a juye yake fitowa a takarda. Na dama ya koma hagu, na hagu ya koma dama. Mutum ya shafa baƙin tukunya a tafin hannunsa na dama, ya danna a bango, sannan ya juyo tafin ya kwatanta da shaidar da ya bari. Zai ga babban yatsa ya canja gefe. Haka hatimi yake.

Ke nan in aka sassaƙa kalma yadda ake karanta ta, a juye za ta fito, babu mai iya karantawa. Dole a sassaƙa ta a juye, don ta fito daidai. Juyin kuma iri biyu ne. Jerin haruffa zai juya, harafin farko ya koma gefen dama. Kowane harafi kuma shi ma zai juya fuskarsa.

Wasu manyan haruffa ba su da wahala, domin damansu da hagunsu ɗaya ne. Irin su A, H, I, M, O, T, U, W da Y. Masu ba da wahala su ne B, D, K, L, N, R, S da Z. Harafin N da S sun fi kowa yaudara, don ido ba ya saurin gane sun karkace.

A ƙananan haruffa kuwa, babbar rigima tana tsakanin b da d. Duk wanda ya zauna a ajin yaƙi da jahilci ya san yadda waɗannan biyu ke rikita ɗalibi. A hatimi abin ya fi haka. Ƙaramin b in bai juya ba, d zai fito. Mai son rubuta bawa sai ya ga dawa. Mai son barka sai ya ga darka. Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, su ma a lura da gefen da ƙugiyarsu ta kalla. Lambobi ma haka, musamman 2, 3, 5 da 7. Shi ya sa ya fi kyau mai koyo ya fara da manyan haruffa.

Mai rubutun ajami shi ma bai tsira ba. Tun da ajami daga dama yake farawa, a fuskar hatimi daga hagu zai fara.

Akwai dabara mai sauƙi da ke raba mutum da duk wannan ciwon kai. A samu farar takarda. A rubuta kalmar daidai yadda aka saba, da fensir mai laushi. A maimaita a kai sau biyu ko uku, har haruffan su yi kauri su yi baƙi ƙirin. Sai a kife takardar a kan roba, rubutun yana kallon robar. A riƙe da kyau kada ta motsa. A goga bayan takardar da farce ko da gindin cokali. In aka ɗaga, za a ga rubutun ya koma jikin roba, kuma ya juya da kansa.

Kafin a sa reza, a ɗaga robar a gaban madubi. In an karanta kalmar daidai a cikin madubi, to daidai za ta fito a kati. In ba ta karantu ba, a goge a sake.

Abu ɗaya ya rage. A kai takardar wa malamin aji, ko wani da ya ƙware, ya duba ko an rubuta kalmar daidai. Kuskuren biro a kati ɗaya yake tsayawa. Kuskuren hatimi kuwa a kan kowane kati zai fito, kuma naman robar da aka yanke ba ya komawa.

Sassaƙa

Ba harafin ake yankewa ba. Abin da ke kewaye da shi ake cirewa, a bar harafin a tsaye. Manomi zai gane wannan da sauri. Harafi shi ne kunya, wurin da aka cire shi ne kwari. Kamar yadda kunya take da faɗi a ƙasa, ta tsuke a sama, haka ake son harafi. Don haka a riƙa karkata reza waje, nesa da harafin. In aka yanka a miƙe, ko aka shiga ƙarƙashinsa, harafin ba shi da gindi. Bugu kaɗan zai karye.

A fara bin gefen kowane harafi da bakin reza a hankali. Sannan a riƙa ɗebe robar da ke tsakani kaɗan-kaɗan. Zurfin kada ya wuce kaurin tsinken ashana. Cikin O da A da B sai da tsinin reza. In an zo kwana, robar ake juyawa, ba hannu ba. A bar tazara tsakanin haruffa, kuma a yi su da kauri. Siririn harafi kyau gare shi a ido, amma ba ya daɗewa.

A naɗe gefe ɗaya na rezar da tsumma ko salatif, don kada ta yanki mai riƙe da ita. A riƙa yanka ana nesanta ta da yatsa. Kada a tsinci rezar da wani ya yi aski ko yankan farce da ita, domin ana ɗaukar cuta ta jini ta wannan hanya. In an gama, a ɗauke ta daga inda yara za su kai.

Da an ƙare sassaƙa, a datse robar da ta yi saura a gefe, a manna hatimin a jikin katako da gam. A buga shi sau ɗaya a takarda, a yanko, a liƙa a bayan katakon. Wannan zai nuna wane hatimi ne, kuma ina ne samansa.

Me ya kamata a sassaƙa? Abin da ba ya canjawa. Kalmomi irin su GAYYATA, BARKA DA SALLAH, ƊAURIN AURE, SUNA, RANA, LOKACI, WURI. Sunan ango da amarya da kwanan wata kuwa a rubuta da biro. Masu ɗoki sukan kwana suna sassaƙa sunan amarya, biki ya wuce, hatimi ya zama na yarwa. Ɓarnar roba ce kawai.

Don ado, a yi ƙananan hatimai: tauraro, jinjirin wata, ganye, dagi, ko irin zanen da ke jikin ƙwarya da hula. Ƙaramin hatimi ɗaya in aka jera shi a gefen kati sai ya zama kamar aikin wuyan riga.

Tawada da bugawa

Ana sayar da tawadar hatimi a shagon littattafai, tare da ɗan akwatinta mai soso. Ita ta fi, don ba ta saurin gogewa. In babu akwatin, a samu murfin gwangwani mai faɗi. A shimfiɗa siririn soson katifa a ciki, a rufe da ƙyallen auduga, a ɗiga tawada har ya jiƙa. Kada ya yi sharkaf.

Tawadar gida ma tana yi. A kankaro baƙin gindin tukunya, a niƙa shi lukwi, a haɗa da ruwan ƙaro, kamar dai ta allo. Sai dai a yi ta da kauri fiye da ta allo, in ba haka ba za ta gudu daga kan roba. A tuna kuma tawadar allo an yi ta ne don ta wanku. Katin da aka buga da ita, ko ɗigon ruwa ba ya so.

A shimfiɗa tsofaffin jaridu a kan tebur ko faffaɗan katako, a ɗora kati a kai. Taushin jaridar yana sa haruffa su fito sosai. A ja siririn layi da fensir don kada rubutu ya karkace. A daddanna hatimi a kan soso sau uku ko huɗu, a hankali. A sauke shi a miƙe, a danna, a ƙirga ɗaya, biyu, uku, a ɗaga a miƙe. Kada a girgiza shi. Girgizawa ita ke sa harafi ya fito da inuwa.

Kullum a fara gwadawa a takardar banza. In wani baƙi ya fito inda ba a so, akwai tudun da ya rage a kwari, a sake ɗebe shi. In tsakiyar harafi ta cushe, tawada ta yi yawa.

Takardar da ake kira A4, wadda ake fotokwafi da ita, faɗinta santimita 21 ne, tsawonta kusan 30. Kwali mai wannan girma in aka raba biyu, aka ninke kowanne, an sami kati biyu masu buɗewa. In aka raba huɗu, an sami falle huɗu. Kafin a ninke kwali, a ɗora rula, a ja layi da bayan wuƙa, don ninkin ya fita sumul.

Me ya sa hotunan da suke da launin ƙasa?

Wanda ya taɓa ganin hoton sarakunan da, ko na tsofaffin sojoji, zai lura wasu ba baƙi da fari ba ne sosai. Launinsu kamar na ƙasa ne, ko na shayi. Akwai dalili.

An bayyana wa duniya dabarar ɗaukar hoto a ƙasar Faransa a shekarar 1839, ta hannun Louis Daguerre. Hoton baƙi da fari irin na da, baƙin da ke jikinsa ƙananan ƙwayoyin azurfa ne, waɗanda ido ba ya iya rarrabewa. Iska da danshi suna cin azurfa, hoto ya dusashe. Sai masu hoto suka gano cewa in aka tsoma hoton a wani ruwan magani mai farar wuta, azurfar tana haɗuwa da ita. Launi sai ya koma ruwan ƙasa, hoton kuma ya fi daɗewa. Wannan launi ana kiransa sefiya. Sunan wata halittar teku ce mai fesa tawada in ta ji tsoro, wadda masu zane suka daɗe suna amfani da tawadarta. Ke nan ba ado kaɗai ba ne, magani ne na tsufa.

Wasu hotunan kuma tsufa ne ya rina su. Daga shekarar 1850 an yi zamanin da ake shafa wa takardar hoto farin ƙwai. Irin wannan takarda tana yin rawaya in ta daɗe.

Yau mutane suna sha'awar wannan launi, don yana tuna musu mutanen da. Ana iya kwaikwayonsa a gida da ruwan shayi. A cikin ganyen shayi akwai sinadari irin wanda ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita. Shi ke kama takarda ya rina ta. Amma a sani, shayi launi kawai yake bayarwa. Ba ya ƙara wa takarda kwana.

Kada a taɓa ainihin hoton

A gidaje da yawa hoton kaka guda ɗaya ne tak. Wataƙila an ɗauka lokacin tafiya Makka, ko ranar naɗin sarauta, ko don takardar aiki. Mai hoton ya rufe shago, fim ɗin ya ɓace, mai fuskar ya riga mu gidan gaskiya. In wannan ɗaya ya lalace, shi ke nan, jikoki ba za su san kamanninsa ba.

Saboda haka ainihin hoto ba a tsoma shi a shayi. Ba a yanka shi, ba a shafa masa gam, ba a manna shi a kati. Da kwafi ake aiki.

A samu mai waya mai kyamara. A fito da hoton inuwa da safe, inda akwai haske amma rana ba ta dukansa. A kwantar da shi a kan abu mai faɗi. A riƙe waya daidai samansa, kada a karkata, kada a kunna fitilar kyamara. In hoton yana cikin gilashi kuma ya manne, kada a ɓamɓare shi, fuskar za ta bi gilashin. A ɗauka haka nan, a kauce wa ƙyalli.

Sai a kai wayar shagon da ake buga takardu ranar kasuwa. A ce su jera hoton ƙanana-ƙanana a falle ɗaya, kamar guda takwas, baƙi da fari, a takarda fara ba mai sheƙi ba. Mai sheƙi ba ta shan shayi sosai. Yawancin wayoyi suna da wurin da ake dannawa hoto ya koma launin sefiya, amma buga mai launi ya fi tsada. Shayi ya fi arha.

Akwai tambaya ɗaya da za a yi wa mai shago. Injinsa da garin tawada yake aiki, ko da ta ruwa? Injin fotokwafi da gari yake aiki, zafi ke manna shi a takarda, ruwa ba ya wanke shi. Wannan ake so. Na tawadar ruwa kuwa, da ya ji danshi sai fuska ta dame. In ana shakka, a jiƙa yatsa a goga a gefe. In baƙi ya biyo yatsa, kada a tsoma.

Rina hoto da shayi

A sa ƙullin ganyen shayi biyu ko uku a kofi ɗaya na ruwan zafi. Ba sukari, ba madara. Sukari kiyashi yake kira. A bari ya huce, a juye a faranti mai faɗi. A kwantar da takardar a ciki minti biyu zuwa biyar, gwargwadon duhun da ake so. A ɗaga ta da hannu biyu, domin jiƙaƙƙiyar takarda ba ta da ƙarfi. A shimfiɗa a kan tsabtataccen ƙyalle a inuwa.

Da hunturu nan da nan take bushewa, amma takan nannaɗe. Da damina takan daɗe, in ba a lura ba ta yi fumfuna. In ta kusa bushewa, a sa ta tsakanin fararen takardu biyu, a ɗora abu mai nauyi ta kwana. Mai gaggawa yana iya guga, amma ta baya, da dutsen guga mai ɗumi kawai, da takarda a tsakani. Zafi mai yawa yana narkar da garin tawadar.

In ana son kwalin katin ma ya yi launin da, haka za a yi masa, ko a shafa shayin da auduga. Sai dai a kiyaye jeri: rini da farko, a bari ya bushe ƙayau, sannan hatimi, sannan biro. Wanda ya buga hatimi kafin rini zai ga aikinsa ya narke a faranti.

Gefen hoto shi ke ƙarasa kamannin. Hotunan da sukan zo da farin gefe, wani lokaci mai tsaga-tsaga. A bar ɗan fili kewaye da hoton. A ja layi da jiƙaƙƙen tsinke, a ɗora rula, a yage a hankali maimakon a sa almakashi. Sannan a ɗauki ƙullin shayin da aka matse, a daddanna a gefuna da kusurwoyi. In gefe ya fi tsakiya duhu, ido kai tsaye fuska yake zuwa. Wasu suna babbaka gefe da ashana. Wannan bai dace ba. Takarda tana yin gautsi, ga shi kuma wasa da wuta kusa da danga da jinka ba abin yi ba ne.

Sabon hoto ma ana iya ɗaukarsa ya yi kama da na da. Wani shahararren mai hoto na birnin Bamako a ƙasar Mali, Seydou Keïta, ya buɗe shagonsa a shekarar 1948, ya rasu a 2001. Yakan rataya zane mai ado a bayan mutum, ya ba shi rediyo ko keke ya riƙe, ya ɗauke shi da hasken rana a tsakar gida. Hotunansa sun zaga duniya. Mai waya a ƙauye yana iya yin haka: atamfa a bango, kujera a inuwa, mutum ya zauna ya natsu.

Wajen ɗora hoto a kati, gam kaɗan ya isa, a kusurwa huɗu. Kokon rogo yana mannawa, amma kyankyaso da gara suna sonsa. Dabarar da ta fi ita ce ta tsofaffin littattafan adana hoto. A yi 'yar tsaga a karkace a wuri huɗu a jikin kati, a cusa kusurwoyin hoton a ciki. Ba gam, ba ƙazanta.

Abubuwan kiyayewa

Da mutum ya yi suna a sassaƙa, wata rana wani zai zo masa a asirce. Zai ce a yi masa hatimin makaranta, ko na asibiti, ko na dagaci, ko na ƙaramar hukuma, zai biya da kyau. Kada a yarda. Yin hatimin wata hukuma ko wani mutum ba da izini ba jabu ne. Laifi ne a dokar ƙasa, ana ɗaure mutum a kansa, kuma wanda ya sassaƙa ba zai ce ba ruwansa ba. In ƙungiyar manoma ko ta mata ce ke son nata, shugabanninta su zo da kansu, da rana tsaka.

Kada a sa hoton kowa a kati sai da yardarsa. Na amarya ko matar aure, sai ita da mutanen gidanta sun amince. Na mamaci, a tambayi iyalansa. Akwai gidajen da ba sa son hoto sam, a girmama ra'ayinsu. Kati mai adon hatimi kaɗai ma yana da kyau.

Ayar Alƙur'ani kuma gara a bar ta. Kati yakan ƙare a ƙasa bayan biki, yara su taka, iska ta kai shi bola.

Wanda zai mai da abin sana'a ya yi lissafi tun farko: kwali, tawada, kwafin hoto, kuɗin mota, da wahalarsa. Mai biki ya rubuto sunaye da rana da hannunsa, ko ya faɗa a rubuta, a karanta masa ya ji. A yi kati ɗaya a nuna masa kafin a buga saura. 'Yan aji ɗaya suna iya haɗa kuɗi su sayi tawada, kowa ya sassaƙa kalma ɗaya, a ajiye hatiman wuri guda, mai bukata ya ara.

In an gama aiki, a goge fuskar hatimi da jiƙaƙƙen tsumma. Kada a wanke shi da kananzir ko fetur, suna cin roba. A bari ya bushe, a sa a gwangwani mai murfi, nesa da rana da ɓera.

Shi kuma ainihin hoton, a mai da shi ambulan mai tsabta, a ajiye inda babu danshi. Kada a kai a liƙe shi da leda mai zafi irin ta katin shaida, domin in ta kama ba ta ɓaruwa. Kafin a ajiye, a je wurin dattijon da ya fi kowa shekaru a gidan, a tambaye shi su wa ke cikin hoton, a ina aka ɗauka, a zamanin wane sarki. A rubuta amsar a bayan hoton da fensir mai laushi, ba da biro ba, kuma kada a danna.